Bahaguwar Motar Ladidi

Mainasara ɗan kawuna ne, abokin wasana, saboda haka ina da izinin ba da labarinsa ko yana zaune. Tun da muka taso ban taɓa jin ya yi wa wani mahaluki tambaya ba. Akwai ranar da ya hau babur daga nan gefen Wara zai je Birnin Yauri, ya wuce mararraba bai sani ba, ya gwammace ya tsinci kansa a Shanga da ya tsaya ya ce wa wani ina hanya. Da ya dawo da yamma sai ya ce mana dama gero ya je dubawa.

Abin da ya ƙarasa lalata shi wata uku ne da ya yi a wani gareji a Kontagora. Mu dai labarin da ya iso mana shi ne wankin sifana yake yi da kalanzir. Shi kuwa ya dawo da jaka cike da tsofaffin ƙarafa, da wata shuɗiyar riga mai giris wadda ya hana matarsa ta wanke, ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ya gyara famfon burtsatsen ƙauyenmu, muka koma ɗibar ruwa a tafki. Ya gyara injin jirgin wani masunci, har yau jirgin da baya yake tafiya.

Ni Lukman, fetur nake sayar wa masu jirage a bakin kwata, don haka komai a gabana aka yi. Har da hannuna a ciki, zan faɗa idan mun zo wurin.

Ladidi 'yar kasuwar kifi ce, mace mai zafin nema da zafin baki. Shekara biyu tana bibiyar wata Hajiya Mariyamu a Yelwa, mai yi wa manyan bukukuwa girki, tana so Hajiyar ta riƙa sayen ɗanyen kifi a hannunta maimakon hannun 'yan Shanga. Wata Litinin Hajiya ta ce to, a gwada. Akwai walima bayan azahar, kifi ya iso kafin sha biyu. In ya iso, hulɗa ta ƙullu, in bai iso ba kowa ya kama gabansa. Ladidi ta tattara kamun rabin kwata, karfasa da ragon ruwa cikin bahuna, aka lulluɓe da ƙanƙarar da aka sayo a Wara. A can sama aka kwantar da wani giwan ruwa da ya kusa tsawon mutum.

Motar da za ta kai kayan kuwa, Ladidi ta gaje ta ne daga ubanta, marigayi Isa Direba. Tsohuwar a-kori-kura ce babba, ta girmi Ladidi kanta, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Direbanta na yanzu Cindo ne, sati biyu kacal da kama aiki. Da hantsi ya zagaya yana harbin tayoyi da ƙafa, sai ya tsaya a tayar gaba ta hagu. Ƙusoshi biyar ne ke riƙe da ita, kowace da notinta, ɗaya ta karye ta bar rami.

"Hajjaju, ƙusa guda ta karye," in ji Cindo. "Amma huɗun da sunka rage suna kai mu Yelwa in mun tahi a hankali. Can sai a sa sabuwa."

"To mu tahi," in ji Ladidi, har ta ɗora ƙafa ɗaya a mota.

A daidai lokacin ne Allah ya jefo Mainasara da jakarsa.

"A hankali?" ya ce. "Da ƙusa huɗu? Cindo, ina kay yi koyon tuƙi, a bayan jaki? A Kontagora in anka ga mota da ƙusa huɗu, direban aka ɗaurewa, ba tayar ba." Ya zura hannu cikin jaka ya zaro wata ƙusa mai tsatsa ya ɗaga ta sama. "Minti goma. In cire taya, in buge karyayyar, in sa wagga, in mayar. Ko ƙanƙarar ba ta sanin an tsaya."

"Malam Mainasara, rana na yi," in ji Ladidi.

"Gara rana ta yi da taya ta wuce ku a kan hanya, tana gaba kuna baya."

Wannan maganar ce ta kama ta. Ta sauke ƙafarta.

A gindin mangwaro, Inna Indo, mahaifiyar Ladidi, tana zaune tana tsince warangi a faifai, ƙananan kifin nan da ake shanyawa. Shekara talatin ta yi tana kallon mijinta yana kwance wannan tayar. Ta ɗago kai ta ce, "Mainasara, marigayi kan ce motag ga bahaguwa ce ta wanga gehe."

"Inna, na ladabtar da waɗanda sunka hi ta taurin kai."

"Ba taurin kai nika nuhi ba. Cewa nika yi..."

"Inna, ki ji da warangi, ki bar muna ƙarhe."

Tsohuwa ta dube shi tun daga hula har silifa. Ta ce, "To." Ta ɗauki faifanta ta shige gida. Ni kaina na ji maganar, na ɗauka nufinta motar ba ta jin magana, kamar yadda ake ce wa mutum bahago in ya cika bauɗiya.

Mainasara ya sa sifana a noti na farko, ya murɗa hagu kamar yadda kowa ke kwance noti. Ko motsi. Ya tofa yawu a hannu ya sake. Ko motsi. Ya hau kan sifanar da ƙafa biyu yana tsalle, ya zame, silifa ɗaya ta tashi ta faɗa cikin bahon karfasa. Ya tashi ya karkaɗe riga ya ce tsatsa ce, a kawo lemon kwalba, shi ke cin tsatsa. Ladidi ta saya. Ya sha rabi don ya tabbatar ba jabu ba ne, ya zuba ragowar a kan notin. Abin da muka samu ƙudaje ne.

Sai ya tsuguna, ya leƙo ƙusar daga sama, ya goge kanta da babban yatsa. Fuskarsa ta washe.

"Ku zo ku ga ilimi. Kun ga abin da kamfani ya rubuta nan? Bakwai. Ma'ana ƙarhin mutum bakwai ka buɗe wanga noti. Ni kaɗai nika ta wahala da aikin mutum bakwai, ga shi har ya hwara jin jiki."

Cindo, wanda ya yi firamare, ya karkato kai. "Ni kamar L nika gani."

"In L ce, sunan mai mota ne. Ladidi."

"Motag ga ta girme ni da shekara shida," in ji Ladidi.

"To kin ga dalilin da ya sa bakwai ce."

Aka aika aka ɗauko dogon bututun ƙarfe daga gawar famfon da Mainasara ya gyara bara, aka zura shi a hannun sifana. Ya zaɓo masunta bakwai majiya ƙarfi daga cikin 'yan kallo, ya jera su a jikin bututun, shi kuma ya koma gefe yana ba da baki kamar ana jan taru. Suka danna, suka danna. A na uku muka ji ƙas. Mutum bakwai suka zube a kan juna cikin rairayi, ƙafafu a sama.

Mainasara ya tsinto notin daga ƙasa, guntun ƙusa maƙale a cikinsa, ya zagaya da shi yana nuna wa jama'a.

"Kun gani? Ya hita. Kuma ku dubi ƙusar, dama ruɓaɓɓa ce. Da a kan hanya ta yi haka da yanzu muna zaman makoki."

Wallahi har godiya wasu suka yi masa. Wani dattijo ya sa masa albarka.

"Yanzu saura uku ke nan," in ji Cindo a hankali.

"Ka iya ƙirga, madalla. Matsa."

Wayar Ladidi ta yi ƙara. Hajiya Mariyamu ce. Ladidi ta juya wa motar baya ta ce, "Muna hanya, Hajiya." A ƙarƙashin motar ruwan ƙanƙara ya fara ɗiga, ɗis, ɗis.

Kafin a taɓa noti na biyu Mainasara ya yi bincike, ya gano cewa ɗaya daga cikin bakwai ɗin yana azumin Litinin. Ya ce ai shi ya sa, ƙarfin bai daidaita ba, shida da rabi aka yi, ƙarfe kuwa ba ya son rabi. Ya sallami mai azumi ya nuna ni.

"Kai, bawana, taho ka yi amfani yau."

"Ni mai fetur ne, ba mai ƙarhe ba."

"Ba hankalinka nika so ba, nauyinka nika so."

Na kama bututu. Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi. Mutum bakwai suna nishi tare, mata suna dariya, Mainasara yana rawa da kafaɗa yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Muka danna. Ƙas. Wannan karon ni ne a ƙasa, masunta shida a kaina, duk warin kifi.

"Ita ma ruɓaɓɓa," in ji Mainasara. Amma bai zagaya da ita ba.

"Malam Mainasara," in ji Ladidi, muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro, "na zo da ƙusa huɗu, yanzu biyu gare ni."

"Biyu masu lahiya sun hi huɗu marasa lahiya."

"Kuma taka guda ce a jaka."

"Ki bar lissahin ga masu shi."

Ya ce yanzu sai wuta, haka ake yi a Kontagora, ƙarfe in ya ji zafi yakan saki jiki. Aka kawo busasshen kaba aka kunna. Ni ban tsaya jin ƙarshen bayanin ba, na ruga na kwashe jarkokin fetur ɗina na kai su bayan masallaci. Da na dawo na tarar da taya tana warin ƙonanniyar roba, girar Mainasara ta hagu babu ita, ruwan ƙanƙara kuma ya taru a ƙarƙashin mota har agwagin maƙwabta sun zo suna wanka. Hajiya ta sake bugowa, Ladidi ta ce mata sun kusa.

Aka jera bakwai. Aka danna. Wannan ba ta ma ba mu wahala ba, zafi ya riga ya tausasa ta.

Saura ƙusa ɗaya tal.

Kwata ta yi tsit, ba ka jin komai sai agwagi. Ladidi ta tsaya tana kallon tayar, leɓenta yana motsi. Can sai ta ce, "Bahaguwa." Ta tattare zani ta nufi gida da gudu. Ba a jima ba ta fito riƙe da hannun Inna Indo, tsohuwa tana tafe tana cewa ita warangi aka ce ta ji da shi.

Inna Indo ta dubi ramuka huɗu, ta dubi guntayen ƙusoshi a ƙasa. Ta ɗauki ɗaya ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana kallo. Na san ba ƙarfen take gani ba, mijinta take tunawa. Sannan ta ce a zare mata wannan bututun banza. Ta cire sifanar, ta mayar da ita ta ɗaya gefen, ta dafa kafaɗar Cindo, ta ɗora ƙafa ɗaya ta taka zuwa dama, wato yadda kowa ke ɗaure noti.

Notin ya yi ɗan kuka, ƙiii, ya juya. Ta sa yatsu biyu ta ƙarasa kwance shi.

"Na wanga gehe a juye anka yi su," ta ce. "In ka murɗa hagu, ɗaurewa kaka yi. Tun hantsi ɗaure su kuka yi, ku bakwai, har sunka gaji."

Cindo ya dafe kai. "L. Lef. Lef-rai, lef-rai, da munka yi a hwaretin makaranta. Hagu ke nan."

Dariyar da aka yi a kwata ranar har masu jirage a kan ruwa sun juyo. Mai azumin nan ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa yana cewa Allah ya taimake shi da aka cire shi da wuri. Wata mata ta tambayi Mainasara ko a Kontagora tsofaffi mata ne ke koyar da aikin. Shi kuwa ya gyara hula a kan girar da ta rage ya ce, "Abin da nika shirin gwadawa ke nan. Inna ta riga ni da minti guda."

Aka sa jak a kan filafili, katakon tuƙa jirgi, don kada ya nutse cikin rairayi, aka ɗaga mota, aka zare taya. Cindo ya gwada ƙusar da Mainasara ya zo da ita, ta shige ramin ta fito ta baya, ashe ta injin niƙa ce. Ladidi ta koma gefe tana buga waya Wara ko za a samu wata motar, jama'a kuma suka kewaye Inna Indo tana ba su labarin marigayi.

Nan ne Mainasara ya jawo mu bakwai ɗin gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Ku ji. Tayar dama na da biyat, dut lahiyayyu. In mun aro biyu da notinsu, nan uku, can uku. Mota ta tashi, kihi ya isa, Ladidi ta yi dariya. Kuma yanzu na san halin motag ga. Bahaguwa ce. Dama aka murɗa mata."

Ga inda na ce zan faɗi gaskiya. Maganar ta shige ni. Mu bakwai babu wanda ya tuna cewa tsohuwa ta ce ta wannan gefen, babu wanda ya tsuguna ya duba abin da aka rubuta a kan ƙusoshin dama. Muka lallaɓa ta bayan mota da bututunmu, muna son mu ba Ladidi mamaki. Muka zura, muka jeru. Mainasara ya ba da baki cikin raɗa. Muka danna dama da duk ƙarfin da Allah ya ba mu.

Ƙas.

Muka tafi gaba ɗaya muka bugi jikin mota. Motar ta yi rangaji, jak ya tsalle daga kan filafili, ta fara durƙusawa ta hagu a hankali kamar raƙumi. Mainasara ya zagaya da gudu yana cewa, "Na riƙe ta, na riƙe ta," ya tokare ta da hannu biyu. Bahon farko ya juye masa ruwan ƙanƙara. Na biyu ya biyo da karfasa, har da silifarsa da ta ɓata tun da safe. Sannan giwan ruwa ya sulalo daga sama, ya same shi a ƙirji, suka kwanta tare cikin taɓon agwagi, kifin a sama, Injiniya a ƙasa, baki da baki.

Inna Indo ta zagaya ta dubi tayar dama, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Na ce maka ta wanga gehe. Wancan lahiyarshi lau, kamar na kowa."

Daga ƙarƙashin kifi muka ji murya: "Ita ma ruɓa..."

"Ka ƙarasa," in ji Ladidi, ta ɗauki bututun. Bai ƙarasa ba.

Wayarta ta yi ƙara karo na uku. Ta dubi sunan, ta dubi kifinta a warwatse cikin rairayi, rana ta take tsaka. Ba ta ɗauka ba. A nan na daina dariya, don na ga idonta ya cika, kuma na san hannuna yana kan bututun nan sau uku.

Mota ba ta samu ba, duk sun tafi kasuwa. Aka wanke giwan ruwa aka naɗe shi cikin buhu, Cindo ya ɗaure shi a bayan babur ya kama hanya, fetur ɗin ni na zuba kyauta don kunya. Ya isa Yelwa ana kiran la'asar, baƙi sun ci kifin 'yan Shanga sun watse. Hajiya Mariyamu ta karɓa ta ce an gode. Ba ta sake bugowa ba.

Sauran kifin babu yadda za a yi da shi sai banda. Inna Indo ta sa aka hura murahu huɗu a bayan gidanta, ta ce mu bakwai mu yi ta jigilar itace, tunda ƙarfi ne ya yi mana yawa. Mainasara kuwa ta ce a cire masa shuɗiyar rigar a wanke, ta ɗaura masa tsohon zaninta a ƙugu, ta tsayar da shi gaban waga, ragar wayar da ake banda kifi a kanta, cikin hayaƙi. Mata suka jeru a kan katanga suna kallo. Ladidi tana zaune tana feɗe karfasa.

"Juya kihin nan kada shi ƙone," in ji Inna Indo.

Mainasara ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ya dubi kifin, ya dubi Ladidi, ya dubi tsohuwa, hawayen hayaƙi na zuba ta gefen da babu gira.

"Inna," ya ce, "ta hagu ko ta dama?"